Shekarar da Na Riƙa Gyara wa Yaya Ɗinki

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, don danginmu ba su iya riƙe magana ba, in an yi ta a Katsina da hantsi, kafin la'asar ta same ni a Kurfi. Wasunku sun ce na bar gidan mahaifinku na Dutsin-Ma ne saboda fushi da babbanku, wai ya gina mini ɗaki a gidansa na Katsina bai shawarce ni ba. Wasu sun ce matarsa ce ba na son zama da ita, alhali baiwar Allah ko kallon banza ba ta taɓa yi mini ba, har yau ina jin nauyin wannan zargi da ta ɗauka ba ta ji ba, ba ta gani ba. Ke kuma Bilkisu, auta, da kike ganin kin fi kowa sanina, kin yanke hukunci cewa tsufa ne kawai, tsoho yakan so ya koma inda aka binne cibiyarsa. Duk cikinku babu wanda ya canka daidai. Na yi shiru ne domin laifin nawa ne, kuma wadda na yi wa shi tana raye a lokacin, ba ta son a riƙa yi mata kallon tausayi. Yanzu Yaya Hauwa ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta da rahama, ni ma kuma ba yarinya ba ce, gara in rubuta muku da hannuna tun ina iya riƙe biro.

Jikokina da suka taso suka gan ta makauniya a bakin ƙofa ba su san wace ce Yaya ba. Shekara goma sha uku ta ba ni. Innarmu ta rasu ina tatata, Yaya ce ta goya ni, da aka kai ta ɗakin miji a Kurfi kuma ta tafi da ni kamar cikin kayan ɗakinta nake. Uku ta haifa, duk suka koma tun suna jarirai, sai na zama ni ce ƙanwar, ni ce 'yar. Ita ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba, amma ita ta tsaya kai da fata sai da na yi karatu na zama malamar firamare, ita kuma ta aurar da ni ga mahaifinku. Saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa hawa kujera tana ƙasa ba, ban kuma taɓa musa mata magana ba. Ni da na shekara talatin ina kama kuskuren 'ya'yan mutane da jan biro, har hedimasta nakan gyara wa lissafi a gaban malamai ko a jikina, in na shiga ɗakin Yaya sai in koma 'yar goye.

Ɗinkin kuwa ni na kai mata shi. A makarantar horon malamai aka koya mana, muna ce masa ɗinkin gicciye. Yadi ake samu mai ƙananan gidaje, a kowane gida zare ya tafi a karkace, wani ya dawo ya gicciye shi, kamar alamar da malami kan sa wa wanda ya faɗi lissafi. Babu wata dabara a ciki sai ƙirga: gida biyar ja, tsallake biyu, gida uku kore, a haka har fure ko tsuntsu ya fito. Da na zo hutu na nuna wa Yaya, cikin shekara guda ta yi mini fintinkau. Ni sai na zana a takarda nake iya bi, ita kuwa a ka take riƙe ƙirgarta. Za ta kalli zabuwa tana kiwo a tsakar gida, jibi ka ga zabuwar a kan rigar filo da ɗigo-ɗigonta. Matan Kurfi da yawa zanen gadon aurensu daga hannunta ya fito. Ni dai da aiki da haihuwa suka taso mini, na ajiye allura na manta da ita.

Shekarar da mahaifinku ya rasu na riga na yi ritaya, ku kuma kowa ya kama gabansa. Lokacin takaba ban ji kaɗaici sosai ba, gida cike yake da masu zuwa gaisuwa, kuma mai takaba ta san abin da ake so ta yi, wato ta zauna. Sai da na fita, aka yi sadaka aka watse, sannan na gane ban san abin da zan tashi in yi ba. Shekara arba'in da ɗoriya agogona shi ne mahaifinku: ruwan wankansa, kokonsa, abincin da zai tarar in ya dawo daga masallaci. Da aka cire wannan sai yini ya zama fili fetal. Nakan yi sallar asuba in koma in kwanta har rana ta take. Tsakar gidan da nake sharewa sau biyu a rana, ganyen lemo ya rufe shi. In kun kira waya in ce lafiya lau, in an kawo abinci in taɓa in rufe. Ba ciwo nake ba, ba kuma kuka nake ba, kawai dai komai ya fita daga raina. Yaya ta zo ranar fitar takaba, ta ƙara kwana uku, ta dube ni ta dubi gidan, ta koma Kurfi.

Bayan tsayuwar watan Mauludi da kwana biyu sai ga sallamar Delu mai daddawa. Delu maƙwabciyar Yaya ce, duk ranar kasuwar Dutsin-Ma takan shigo da kwandonta, mace ce mai baki kamar reza, ba ta san kara ba. Ta tarar da ni a kwance, ta kwance gefen mayafinta ta jefo mini wani ƙullin leda a kan gado.

"Saƙon Yayarki ne, Malama. Ta ce ki buɗe gabana."

Na buɗe. Ƙyalle ne fari, faɗinsa kamar faifai, da allura a soke da zare kala uku. An ɗinka rabin fure a ɓangaren dama, ɓangaren hagu kuwa fari fat.

"Ta manta ba ta ƙarasa ba," na ce.

"Ba ta manta ba. Ta ce wancan rabin nata ne, wannan naki. Ki ƙirga nata ki maida shi can gefen, gida bisa gida. In wata ya tsaya in amso in kai mata, in kawo maki wani. Ta ce in kau wata ya tsaya ba ta ga ƙyallenta ba, ita da kanta za ta hawo mota, kuma ba da daɗi za ku gamu ba."

"Ki ce mata ba ni da lahiya."

"Ni ba ni ɗaukar ƙarya, kwandona ya cika," in ji Delu, ta saɓi kayanta ta fita.

Haushi ya kama ni ƙwarai. Mace mai jikoki, a aiko mata da aikin gida kamar 'yar aji uku. Na jefa ƙyallen a kan akwati ya kwana ashirin a nan, ina wucewa ina hararsa. Amma tsoron Yaya ba ya tsufa. Da na ga watan ya karya ya doshi ƙarewa sai na ɗauko shi. A ɗaki ban iya ganin gidajen ba, dole na fito tsakar gida. Wurin zama babu, sai na share gindin lemo. Da na share nan sai sauran wurin ya yi mini muni, na share shi duka. Kwana uku ina yi koren zare ya ƙare, kuma har gobe na tabbata da gangan Yaya ta rage shi. Dole na yafa mayafi na shiga kasuwa, karo na farko tun rasuwar. Mai zaren tsohon ɗalibina ne, ya riƙe ni da hira yana tuna mini bulalar da na yi masa a kan jadawalin bakwai, na dawo gida da yunwa na ɗora tukunya. Ranar da Delu ta zo karɓa, tana tsaye a kaina tana tsaki na cire allura daga gida na ƙarshe.

Haka muka ɗauko. Wata na biyu tauraro, na uku tulu da faifai a bakinsa, na huɗu reshen dabino. Na koma ina jiran tsayuwar wata kamar yadda yara ke jiran na Sallah. Ba na so ku raina wannan abu. Ku da kuke da ofis da 'ya'ya ba lallai ku gane ba, amma mutumin da babu mai jiran komai daga hannunsa, kwanciya ce ke cinye shi. Ni kuwa yanzu akwai mai jira, kuma mai jiran ba ta karɓar uzuri. In ta kira waya gaisuwarta gajera ce.

"Kin tashi lahiya? Ina kika kai?"

"Na kusa rabi, Yaya."

"Kusa da rabi, yau sha takwas ga wata? Da ƙafa kike ɗinkin?"

Ina ajiye wayar ina dariya ni kaɗai. Ɗinkin Yaya a waɗannan watanni abin kallo ne, in ka juya bayansa kamar gabansa, babu ƙulli, babu zare mai lilo. A cikin watan tulu ne babbanku ya zo ya same ni a gindin lemo da tabarau a hanci, ga tsakar gida tas, ga miya na tafasa. Ya tsaya a bakin zaure ya daɗe yana kallona kafin ya yi sallama. Ranar ce ya gaya mini ya sa harsashin ɗaki a gidansa, in an gama zan koma can kusa da jikokina. Na ce Allah ya kai mu, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Ina son ku san wannan, na yi niyyar zuwa.

A watan azumin tsofaffi Yaya ta aiko da zabuwa, tata tana kallon hagu, ni zan yi mai kallon dama su fuskanci juna. Ina cikin ƙirga sai na ga ƙafa ɗaya ta gaza ɗaya da gida guda, a wuya kuma ta tsallake gida biyu babu dalili. Na sake ƙirgawa har sau uku, don ban yarda Yaya za ta yi kuskure ba, na fi zargin tabarauna. Kuskuren dai yana nan. Abin da ya kamata in yi a fili yake, in ɗauki waya in ce, Yaya, lafiya kuwa? Amma bakina bai san hanyar wannan magana ba. In na kwafi kuskuren a nawa rabin, na nuna mata shi sau biyu ke nan. In na yi nawa daidai na bar nata, to na jera su ne don kowa ya ga wanda ya fi. Sai na sa bakin allura na warware wuraren a hankali, na sake ɗinka su. Yaya bahaguwa ce, zarenta na sama yakan kwanta saɓanin nawa, don haka sai da na juya ƙyallen na yi ta gwaji har na kwaikwayi hannunta. Da na gama na ɗaga shi a rana na ji daɗin kaina, na ce yau na rufa wa Yaya asiri.

A Sha'aban wuri biyar na gyara. A watan azumi na daina ƙirga wuraren. Bayan ɗinkin ma ya canza, ƙulli ya fara bayyana, zare yana tsallake daga nan zuwa can. Kowane wata ina da abin da nake gaya wa kaina. Azumi ne. Gajiya ce. Shekaru ne, wa ya kai shekarunta bai tsallake gida ba? Ita kuma in ƙyalle ya koma ba ta cewa komai sai, "Ya iso. Hannunki ya fara dawowa." Sai in ɗauka ba ta lura ba, in ƙara samun ƙarfin gwiwa.

Da ƙaramar Sallah na je Kurfi na kwana biyu. Wannan ziyara ce ba na son tunawa, amma saboda ita na ɗauki biro. Na tarar da Yaya a ɗaki da rana tsaka, ita da ba ta zaman ɗaki. Matar ɗan ƙanen mijinta, wadda ke dafa mata abinci, ta shigo da fura, Yaya ba ta san wa ya shigo ba sai da matar ta yi magana, sannan ta kira sunanta. Da za ta miƙo mini ludayi, gefen kafaɗata ta miƙa shi. Komai na ɗakin yana inda yake tun ina yarinya, hannunta yana zuwa kansa kai tsaye, wanda bai san ta ba ba zai ga komai ba. Ni kuwa na san ta. Da zan tafi ta jawo gwangwanin alluranta daga ƙarƙashin gado.

"Tunda Allah ya kawo ki, zura mani zare cikin waɗannan. Ki soke jajaye wannan gefen filo, koraye can, baƙaƙe tsakiya."

"Duka, Yaya? Sun hi ashirin."

"Duka. Allurar zamani hancinta ƙanƙane ne, ba irin ta da ba."

Na zauna na zura su ɗaya bayan ɗaya, har ina taya ta zagin masu ƙera allura. Da na gama ta daɗe tana fuskantata. Na ɗauki jakata na ce sai wani watan. Kada wani cikinku ya yi mini uzuri ya ce Mama ba ta sani ba. Na sani sarai. A motar komawa Dutsin-Ma na ce wa kaina in na tambaye ta zan kunyata ta, zan nuna mata ta tsufa ta zama abin lallaɓawa, kuma ai ita ce babba, in akwai abin faɗa za ta faɗa. Akwai wani dalili kuma da ya fi wannan muni, sai daga baya na yarda da shi. Tsoro nake in aka ce idonta ne, ƙyalle zai daina zuwa, ni kuma in koma kan gadon nan. Ban daɗe da rasa miji ba, ban shirya jin wani labari ba.

Wata biyu suka ƙara wucewa. Na babbar Sallah kusan rabinta duka na warware na sake, domin shuɗi ta sa inda kore ya kamata, ganyen ya fito kamar an tsoma shi a marina. Wato a lokacin ni nake ɗinka rabin nan biyu, in aika mata ta yaba mini ɗaya.

Da watan cika-ciki ya tsaya Delu ta zo, amma ba ta jefo ledar ba kamar yadda ta saba. Ta sauke kwando ta zauna a bakin tabarmata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta miƙo mini a hannu. Na buɗe. Ban gane abin da aka yi niyyar ɗinkawa ba. Zare ya tafi bai samu mai gicciye shi ba, wani ya hau kan wani, a gefe ɗaya har ta ninke ƙyallen ta ɗinke shi da kansa.

"Malama, in tambaye ki," in ji Delu. "Ke ma idon ne, ko kau gani kike kina shiru?"

Na ce, "Mi ya faru?"

"Shekaranjiya ta sa hannu cikin murhu tana laluben murfin tukunya. Kafin nan da kwana ukku ta yi karo da turmi ta faɗi. Ta hana kowa ya gaya maki, ta ce kina cikin naki. Ni dai wata shidda ke nan ina ɗaukar abin nan, ni da ban san ɗinki ba ina ganin ya lalace, in ya dawo daga gare ki kuma in gan shi garau. To wa ake ruɗi?"

Na bar ta ta shiga kasuwa, ni na rufe gida na hau motar Kurfi. Washegari babbanku ya zo da mota muka kai Yaya asibiti a Katsina. Ta yi gardama, ta ce tsufa ba a kai shi asibiti, sai da na durƙusa na roƙe ta. Likitan matashi ne mai haƙuri. Ya daɗe yana haska idon, ya yi awo, sannan ya tambaya tun yaushe abin ya fara.

"An kwana biyu," in ji Yaya.

"Tun watan azumin tsofaffi," na ce. "Wannan ne wata na bakwai."

Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da rubutu. Daga baya ya yi mana bayani cewa hawan jinin ido ne, ba yana ba ce da ake cirewa a gani. Abin da ciwon ya ci ya ci ke nan, magani sai dai ya tsare abin da ya rage. Na hagu ya riga ya tafi, na dama saura ɗan kaɗan, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ya ce irin wannan ciwo yakan daɗe yana aiki a ɓoye, ba zai ce mana da an zo da wuri da an tsira da duka ba, amma da an tsira da fiye da haka. Babbanku ya fita karɓo magani, bai ji wannan ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Ya so a wuce da Yaya gidansa, ko a kai ta wurina Dutsin-Ma. Ta ƙi, kuma tana da gaskiya. A ɗakinta na Kurfi ƙafarta ta san taku nawa ne daga gado zuwa randa, daga randa zuwa ƙofa. A wani gida kuwa sai an ja ta ko bayi za ta. Na ce to zan zauna da ita 'yan kwanaki har ta saba da ɗiga magani. Ban zo da niyyar zama ba, kaya kala uku na ɗauko.

Rana ta biyar da hantsi muna zaune a inuwar ɗakinta, ni ina ɓarar gyaɗa, ita tana tsincewa da hannu ɗaya, don mai ƙunar yana naɗe. Na yi ta juya maganar a bakina, daga ƙarshe na faɗe ta ina kallon ƙwarya.

"Yaya, akwai abin da na yi maki. Ɗinkin da kike aikowa, tun daga na zabuwa, ni nake warwarewa ina gyarawa."

Hannunta bai tsaya ba.

"Na sani," ta ce. "Kina tsammani ban san hannuna ba? Ko ban gani ina shafawa. Naki ya hi nawa tsauri, kina jan zare kamar mai ɗaure akuya."

"To don mi ba ki yi magana ba?"

"In ce mi? In kira wadda ta fita takaba jiya, wadda da ƙyar na tada ta daga kwance, in ce mata ga wani kaya ɗauki? Babba ba ya kai kuka wurin ƙarami, Rabi. Zabuwar nan na san na ɓata ta, na ji a hannuna. Da na so da na ba wata ta duba mani. Na ce a'a, a kai mata hakanan. Yarinyar nan malama ce, ba ta ganin kuskure ta ƙyale. Za ta kira ta ce, Yaya, mi ya samu idonki, ni kuma in ce to, tunda kin tambaya. Kowane wata in Delu ta tahi sai in aje waya kusa da ni."

Ta laluba wata ruɓaɓɓiyar gyaɗa ta jefar.

"Sai ƙyalle ya dawo garau. In ce to, wata mai zuwa."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan hantsi ba. Ko rasuwar mahaifinku, Allah ya gafarta mini, ba ta soke ni haka ba, domin waccan babu hannuna a ciki, wannan kuwa da allurata na yi ta, a zaune, ina jin daɗin gwanintata. Na yi kuka, ta bar ni na yi. Sannan ta ce ya isa, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa, in tashi in duba wake kada ya ƙone.

Bayan azahar na kira babbanku na ce a je a rufe gidan Dutsin-Ma da kyau, a kawo mini akwatina, ba zan koma ba, ba kuma zan zo Katsina ba. Ya tambaye ni dalili har sau uku, na ce haka na ga dama. Kun ga hali zanen dutse ne, na fita daga wani shiru na faɗa wani. Na san abin da wannan ya jawo. Ya gama ɗakin ya shafa fenti, ɗaki ya zauna a rufe. Ya yi kusan shekara in ya kira gaisuwa kawai yake yi ya ajiye. Matarsa ta sha maganar dangi. Gidan da na haife ku duka a cikinsa ya zauna babu mai shara har damina ta kayar da katangar baya, jikokina na Katsina kuma suka girma ba a gabana ba. Duk na gani, kuma ni na zaɓa. Ina neman afuwarku a kan ɓoye muku dalili, musamman kai babba da matarka. Zaman kuwa ba na neman afuwa a kansa, ko yau aka dawo da shi sai na sake.

Ɗan ganin da ya rage mata shekara ɗaya da 'yan watanni ya ƙara, sannan ya ɗauke. Shekara biyar muka yi tare a ɗakin nan, kuma babban aikina a cikinsu shi ne faɗar abin da na gani. Ga dakali, Yaya. Buta tana damanki. Wance ce ta shigo, ta rame. Hadari ya haɗo ta gabas. Waɗannan masu sauƙi ne. Ranar da na fara gaya mata ta sa rigarta a baibai kuwa, da ƙyar na iya faɗa. Ta tuɓe, ta juya, ta mayar, sannan ta juyo inda take jin numfashina.

"To, da wuya?"

"Da wuya, Yaya," na ce.

Ta ce ita ma ta san da wuya, in miƙo mata takalmi kada mu makara gidan suna.